Ƙwallon Giginya na Uku

Abu na farko da aka ba ni a lambun shi ne tebur. Na katako ne, ƙafarsa ɗaya ta gaza sauran, sai an cusa mata ɓallin bulo kafin ya tsaya daidai. Ana ajiye shi kowace Asabar a gindin wata tsohuwar bedi, wato darbejiya, kusa da ƙofar shiga, ni kuma in zauna in jira masu tambaya. Lambun na gwamnati ne, yana can gefen GRA. Rabinsa wurin renon itatuwa ne a leda, rabinsa kuma wurin da jama'a ke shigowa su zaga, 'yan makaranta su zo da malamansu a nuna musu itatuwa. Ni na gama karatun ilimin tsirrai a jami'a ba da daɗewa ba, shi ya sa aka ce in riƙa ba da shawara.

Mutane kan zo da ganye a hannu. Wani ganyen gwaibarsa ya nannaɗe, wata zogalenta ya miƙe sama kamar sanda ya ƙi yin rassa, wani kuma mangwaronsa na fure yana zubarwa. Yawancin amsoshin na san su. Zogale a datse masa kai, zai yi rassa. Gwaiba a duba bayan ganyen, sau da yawa ƙwari ne ƙanana. Mangwaro a rage masa ruwa lokacin fure. Amma ban cika iya faɗin su haka kai tsaye ba, domin kullum sai in tuna cewa ban ga ƙasar gidan mutumin ba, ban san irin ruwan da yake zubawa ba. Sai in ce ƙila kaza ne, amma kuma yana iya zama kaza. Mutum ya zo da tambaya ɗaya ya koma gida da uku.

Akwai wani tsohon ma'aikaci, mutumin Batagarawa, wanda ke kula da ban ruwa tun kafin a haife ni, in dai lissafina daidai ne. Kowa Baba yake ce masa. Shi ya raɗa mini Malam Ƙila.

"Malam Ƙila, an tashi lahiya? Yau Asabar ce kuwa?"

"Asabar ce mana, Baba."

"A'a! Kada ka yi gaggawa. Ka duba littahi tukuna."

Ban ji haushi ba, ko kuma na ji kaɗan. Gaskiya yake faɗa.

A farkon daminar wannan shekarar wata tsohuwa ta zo teburin. Ɗanta ne ya kawo ta a babur, ɗan acaɓa ne, ya sauke ta ya ce zai dawo. Muka gaisa, ta tambayi gida da aiki da ruwa, na tambayi nata, sannan ta kwance gefen mayafinta ta ɗora wani abu a kan tebur har ɓallin bulon ya goce. Ɗan giginya ne, babba, ya nuna ya yi ja-ja-ja, ƙamshinsa ya cika wurin.

Ta ce a Ƙofar Marusa take zaune yanzu wurin ɗan nata, gidan haya ne, tsakar gidan duk siminti. A ƙauyensu akwai giginya a bayan ɗakinta, mahaifinta ya same ta a nan, shi ma bai san wanda ya shuka ta ba. Bayan sun taso, wanda ya karɓi wurin ya sare ta ya yi azara. Wata maƙwabciya ce ta tsince mata wannan ɗan guda ɗaya ta aiko da shi.

"Ba ni da inda zan sa shi, ɗan nan. An ce mini nan ake rainon itace. Ko nan ɗin ne ba?"

"Nan ne, Inna. Za mu gwada. Amma ba zan iya yi miki alkawari ba, domin ya danganta da..."

"Ni dai ka karɓa."

Na karɓa. Da na ɓare shi na wanke tsokar sai na tarar da ƙwallo uku a ciki, kowanne ya kusa cika tafin hannu, ga gashi-gashi a jiki, ga tauri kamar dutse. Na yi murna, na ce dama uku ke nan. Na samo manyan ledoji, na haɗa ƙasa da yashi da taki kamar yadda muke yi wa mangwaro da bedi, na sa kowane ƙwallo a ledarsa, na jera su a ƙarshen layi. Inna tana zaune a benci tana kallona. Baba kuma ba ya nan, ya ɗauki hutu ya tafi shuka a gonarsa.

A wurin reno akwai wani aiki da ake yi wanda na ɗauka da muhimmanci ƙwarai. Lokaci lokaci ana ɗaga kowace leda a gusa ta, don kada saiwar ta huda ledar ta kama ƙasa, ranar dashe a rasa yadda za a yi. An koya mana wannan a makaranta, kuma daidai ne ga yawancin itatuwa. Wasu ma'aikatan kan yi shi sama-sama. Ni kuwa kowane mako sai na bi layi ɗaya bayan ɗaya, har ina da littafin da nake sa alama.

Sati biyar ko shida ledojin nan uku ba su nuna komai ba. Ran nan na zo na ɗaga ta farko sai na ji ta riƙe. Na ɗan ƙara ƙarfi, na ji ƙas. Da na juya ta sai ga wani abu fari mai kaurin yatsa ya fito ta gindin ledar, ya karye, rabinsa yana cikin ƙasa. Abin da har yanzu nake jin kunyarsa shi ne, maimakon in tsaya, sai na ce bari in duba ta biyu in ga ko ita ma haka take. Haka take kuwa. Ita ma ta karye a hannuna.

Na zauna a ƙasa ina juya guntun. Ban taɓa ganin tsiro irin wannan ba. Duk irin da na sani, saiwa ta yi ƙasa, kai ya yi sama ya nemi rana. Wannan babu abin da ya yi sama. Komai nasa ƙasa ya nufa, kamar an aike shi. Na tsaga shi da farce na shinshina, sai na ji warin wani abu da na sani amma na kasa tunawa.

Kwana biyu bayan haka Baba ya dawo. Na kai shi wurin, na nuna masa. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya sa giginya a leda?"

"Ni ne."

"Littahin ne ya ce?"

"Littafin bai yi maganar giginya ba. Na ɗauka ƙila..."

"Ƙila." Ya tsuguna ya ɗauki guntun da ya riga ya yanƙwane. "Kai ba ka cin muruci?"

Nan take na gane warin. Muruci na ci tun ina yaro, ana kawo shi a dafe a tire, mu ɓare mu ci da ɗan ɗacinsa. Na kuma sani da baki cewa daga giginya yake. Amma ban taɓa tambayar kaina ta wane gefen giginya yake fitowa ba. Baba ya zana mini a ƙasa da tsinke. Ƙwallon yana nan sama kusa da fuskar ƙasa. Sai ya tura wannan farin abin ya nutse, ya yi zurfin kamu ɗaya ko fiye. A can ƙasa ne ɗan itacen yake zama ya yi ƙiba, shi ne murucin da ake tonowa. Idan ba a tone shi ba, sai ya gama shirinsa a can cikin duhu, sannan ya turo ganye sama.

"Giginya ba a yi mata ƙaura," in ji shi. "Inda za ta mutu, nan ake shuka ta."

Muka zazzage leda ta uku a hankali. Allah ya taimake ni wannan ƙwallon malalaci ne, bakinsa kawai ya fara tsagewa, farin abin ya leƙo kamar haƙorin jariri. Baba ya zaga lambun yana taka ƙasa da dunduniya har ya tsaya a wani fili mai yashi can bayan layin ɗorawa, inda babu inuwa, babu famfo kusa. Ya tona rami marar zurfi da hannu, ya kwantar da ƙwallon, ya rufe shi sama-sama.

"Shike nan. Ka zuba mashi ruwa in an yi fari. Ban da haka ka ƙyale shi. Ka ji ko? Kada ka duba."

"Har yaushe?"

"Har ya ga dama. Ƙila wata damina." Ya kalle ni ta gefen ido. "Ka ga ni ma na koya."

Asabar ɗin da ta biyo Inna ta zo. Na kwana uku ina shirya yadda zan faɗa mata, na tanadi jimloli masu laushi, amma da ta zauna sai kawai na ce biyu sun mutu, kuma ni na kashe su. Ta gyara mayafi.

"Ai na ga ledar," ta ce. "Na ce a raina, mu dai ba mu taɓa yin haka ba. Sai kuma na ce, wanga yaro ya yi karatu, ƙila boko ta zo da sabuwar dabara. Mi zan ce?"

Na sha tuna wannan maganar. Ita ta sani ta yi shiru saboda takardata, ni kuma ban sani ba ban tambaya ba saboda takardar dai. Na kai ta ta ga wurin. Babu abin gani sai yashi. Ta tofa addu'a, ta ce za ta riƙa leƙowa.

Na kewaye wurin da ƙayar magarya, na kafa ɗan allo. Ina shirin rubuta Giginya da fenti Baba ya riƙe mini hannu.

"Kana son ka rubuta wa maciya muruci adireshi? Nan da wata shida duk leburan da ya wuce ya san akwai abinci a ƙasa. Ni kaina ban yarda da kaina ba."

Sai na rubuta Kada A Taka kawai.

Abin mamaki, wannan filin da babu komai a cikinsa ya zama wurin da baƙi suka fi tsayawa. Idan ina zagawa da mutane in nuna musu kuka da tsamiya da madaci, sai su gyaɗa kai su wuce. Da mun zo ƙayar nan sai a tsaya. Wani ya ce kabari ne, wata ta ce rijiya aka rufe. Wani malamin makaranta ya tambaye ni a asirce ko wani abu aka binne don tsari. Nakan ce akwai itace a ƙasa yana tafiya ta inda ba a gani, ba na faɗin sunansa. Daga nan sai tambayoyi su ɓarke, har mu kai ga yadda gawo ke zubar da ganye da damina, da dalilin da ya sa ake jiƙa irin ɗorawa kafin shuka. Ni ma na shiga karatun giginya gadan-gadan. Na sayi muruci ɗanye a kasuwa na tsaga shi biyu, na ga ɗan ganyen a naɗe a tsakiya, fari sol. Na daɗe ban iya cin muruci ba bayan wannan.

Amma rashin dubawar ya wahalar da ni. Ni mutum ne da ke komawa ya taɓa kwaɗon ƙofa sau biyu. Sau da yawa nakan tsaya a bakin ƙayar in ji yatsuna suna ƙaiƙayi. Da Baba ya ga abin zai yi yawa, sai ya yarje mini abu ɗaya. Ya ce in sa yatsa in share yashin kaɗan in taɓa bayan ƙwallon, in ɗan tura shi. Idan ya motsa, babu komai a ƙarƙashinsa. Idan ya ƙi, ya kama. Na taɓa, ya ƙi motsi. Na mayar da yashin.

Damina ta wuce, aka yi kaka, sanyi ya zo ya tafi. Inna takan zo duk bayan 'yan makonni, ta zauna a benci, mu gaisa, ta je ta kalli yashi, ta koma. Ta fara ramewa a ganina, ko da yake ban tabbata ba, ƙila mayafin ne ya canza.

Da bazara ta kama, shugaban lambun, wanda muke ce wa Yallaɓai, ya samu amincewar gina rumfa inda 'yan makaranta za su riƙa zama a yi musu bayani. Abu ne mai kyau, ni ma na daɗe ina so, domin rana tana gasa su. Wata safiya na iso na tarar da magina sun kafa turaku sun ja igiya a filin yashin nan. Igiyar ta ratsa ta tsakiyar ƙayata. Wani har ya fara janye ƙayar da shebur.

Na ce ya dakata, na tafi na kira Yallaɓai. Mutum ne mai haƙuri amma ba ya son dogon zance. Ya zo ya tsaya ya kalli allon, ya kalli yashin.

"Wata nawa ke nan?"

"Tara, Yallaɓai. Ko goma."

"Wata goma ko ciyawa ba ta fito ba. Nan ne kaɗai fili marar saiwoyi. A tona mu gani, in akwai abu a mayar da shi wani wuri."

"Ba a tonawa. In an tona ya mutu."

"To ta yaya ka san yana da rai?"

Na waiga ina neman Baba. Yana can nesa kaɗan da tsintsiya, yana sharar wurin da ya riga ya share, ya ba mu baya. Na gane ba zai zo ba.

A cikin kaina amsoshi sun yi layi, kuma duk gaskiya ne. Ƙwallon ya ƙi motsi, amma yana iya kamawa sannan ya ruɓe daga baya. Gara tana iya cinye shi. Zafin bana ya yi yawa. Na san idan na fara da ƙila, kafin azahar an zuba kankare.

"Yana nan," na ce. "Yana da rai. Zai fito da ruwan farko."

Yallaɓai ya cire tabarau ya dube ni.

"Kai ne kuwa? Kai da ko sunan bedi sai ka ce a bari ka duba?"

"Ni ne."

"In bai fito ba fa?"

"A tambaye ni."

Ya yi tsaki, ba mai zafi ba, ya ce wa magina su gusar da turakun taku biyar zuwa yamma. Babban magini ya yi ta mita, ya ce rumfar za ta karkace daga hanya, kuma ta karkace ɗin. Har yau duk wanda ya shigo yana ganin kamar an ajiye ta ne a gurguje. Da suka watse Baba ya matso yana jan tsintsiya.

"Ruwan farko, ko? Ni ban ce ruwan farko ba."

"Ba ka ce ba?"

"Na ce wata damina. Damina kuwa tana da tsawo, Malam."

Ruwan farko ya sauka, babu komai. Na biyu ya sauka mai ƙarfi har ya kwashe rabin ƙayar. Ciyawa ta tsiro ko'ina a filin, ina cire ta da hannu ɗaya bayan ɗaya ina duba kowace kafin in ja. Yallaɓai kuwa idan ya wuce yakan ɗan rage tafiya ya kalli wurin, sannan ya kalle ni. Na fara tsara yadda zan ba shi haƙuri, da yadda zan gaya wa Inna cewa na uku ma ya tafi. Wannan na biyun ne ya fi hana ni sukuni.

Sai da aka yi kusan wata guda da fara ruwa. Ina cirar ciyawa na kai hannu kan wani tsinke kore, na kama shi zan ja, sai na ji ya yi tauri ba kamar ciyawa ba. Na saki da sauri. Tsayinsa bai wuce ɗan yatsa ba, kansa tsini kamar mashi, jikinsa a ninke tsaf da layi-layi irin na maficin kaba. Ba ma daidai inda ƙwallon yake ya fito ba, ya ɗan goce gefe. Na tsuguna na ƙare masa kallo, sannan na je na kira Baba.

Ya duba, ya ce, "To. An yi asarar muruci."

Na aika wa Inna ta bakin ɗanta. Ta zo ranar Asabar, wannan karon da sanda. Na riƙe mata hannu muka wuce rumfar, inda wasu ɗalibai ke zaune suna jirana. Ta sunkuya da ƙyar ta shafa ganyen da bayan yatsa, kamar yadda ake taɓa kumatun jinjiri.

"Ita ce," ta ce. Ta ɗago ta dube ni. "Tamu mace ce, tana 'ya'ya. Wagga fa? Mace ce ko namiji?"

Na karanta wannan, na kuma tambayi Baba. Giginya akwai mace akwai namiji, kuma babu mai iya bambancewa sai ta girma ta yi fure, bayan shekaru masu yawa.

"Ban sani ba, Inna. Babu wanda ya sani. Sai ta yi tsawo ta wuce rumfar can."

"To, wanda ya gani ya faɗa wa wani."

Ta miƙe, na raka ta benci ta jira ɗanta. Da na dawo na ciro allon na goge shi, na kawo fenti. Baba ya ce yanzu babu laifi, murucin da ya yi ganye ba ya ciyuwa. Na rubuta Giginya da manyan baƙaƙe, na bar sauran allon fari don wanda zai ga ko mace ce ko namiji, na mayar da ƙayar, sannan na tafi wurin ɗaliban da ke jira.